Wa da ƙane a tsaka mai wuya: mutumin da ƙagaggen labari ke mantawa da shi

Herodotus, masanin tarihin nan na Girka da ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo labarin wata mata a zamanin Sarki Dariyus na Farisa. Sarkin ya zargi mijinta, Intaphernes, da ƙulla masa maƙarƙashiya, ya sa aka kama shi da 'ya'yansa da mazan danginsa, aka ɗaure su ana jiran ranar kisa. Matar ta riƙa zuwa ƙofar fada tana kuka har Dariyus ya ji tausayinta, ya aika a gaya mata ta zaɓi mutum ɗaya a sakar mata. Da ta yi nazari sai ta ce a ba ta ɗan'uwanta. Abin ya ɗaure wa sarki kai, ya sa aka tambaye ta dalilin da ta tsallake miji da 'ya'yan cikinta. Ta ce miji za ta iya samun wani, 'ya'ya za ta iya haifar wasu, amma uwarta da ubanta sun riga sun mutu, ba ta da inda za ta sake samo ɗan'uwa. Amsar ta burge Dariyus, ya ƙara mata da babban ɗanta, ya kashe sauran.

Yawancin masu jin wannan labari kan tsaya ne a kan hikimar amsarta. Ni kuwa inda nake tsayawa shi ne kalmomi ukun ƙarshe: ya kashe sauran. Akwai miji a cikinsu, akwai yara, kuma labarin ya bi ta kansu da numfashi ɗaya domin hankalinmu yana kan 'yar'uwa da ɗan'uwanta. Na lura wannan halin ya bi jinin ƙagaggun labaran da ake ginawa a kan amanar wa da ƙane. Marubuci kan haska fitila a kan mutum biyu, sauran duniya ta koma duhu, kuma a cikin duhun nan ne ake biyan kuɗin amanar tasu.

Duk mai yawan karatu ya san ƙashin bayan irin wannan labari. Uba ya mutu ko ya yi ɓatan dabo, uwa ta gaza, wa ya zama uba tun bai gama zama yaro ba. Ƙanen ya tashi a inuwarsa, yana ƙaunarsa, yana kuma jin nauyin inuwar. Sai wata rana masifa ta sauko: bashin mutanen da ba sa jin magiya, ko cutar da maganinta ya fi ƙarfin gidan, ko wani dare da ƙanen ya shigo jiki na rawa ya ce, "Yaya, na yi ɓarna." Daga nan marubuci zai sa wa'adi, ya bi ƙofofin mafita yana rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ya bar wan da hanyoyi biyu, kowacce da ƙaya. Ko ya karya doka ya tsamo ƙanensa, ko ya tsaya da hannu mai tsabta yana kallon ruwa ya tafi da shi.

Me ya sa 'yan'uwa, ba abokai ko masoya ba? Dalilin yana cikin amsar matar can. Aboki kai ka zaɓe shi, kana iya sauka daga abotar. Aure yana da ƙofar fita. Ɗan'uwa kuwa buɗe ido ka yi ka gan shi, kuma ko kun shekara ashirin ba ku gaisa ba sunansa bai canja ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ga marubuci wannan babbar dama ce, domin jarumin da ba shi da hanyar ficewa daga alaƙa dole ya yi wani abu a cikinta. Ƙari a kan haka, ɗan'uwa shi ne shaidar yarintarka. Shi ya san ranar da ka yi kuka a ɓoye, shi ya san wanda aka fi so a gida. Idan ya mutu, wani sashe na tarihinka ya rasa mai gaskata shi.

Masana kimiyyar halittu ma sun taɓa batun. A 1964 wani Baturen Ingila, W. D. Hamilton, ya fitar da bayanin da ya nuna yadda halin sadaukarwa domin dangi kan iya yaɗuwa cikin halittu: shaƙiƙai biyu, a matsakaicin lissafi, sun yi tarayya a rabin ƙwayoyin gado, don haka wanda ya ceci ɗan'uwansa ya ceci wani yanki na abin da shi kansa yake ɗauke da shi. Wanda ya fara cewa ɗan'uwa rabin jiki bai jira wannan lissafi ba. Amma lissafin jan zuciya kawai yake bayyanawa, ba ya bayyana labari. Kisan farko da aka yi a bayan ƙasa, kamar yadda Suratul Ma'ida ta kawo a ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu biyu, tsakanin 'yan'uwa aka yi shi. Kusancin da ke haifar da ƙauna shi ke haifar da kishi, domin su biyun nono ɗaya suka sha, ido ɗaya suke neman ya dube su. Shi ya sa ba na yarda da labarin da ya ba ni wa mai zuciya fara fat, wanda ya bar karatu ya yi ta wahala domin ƙanensa kuma bai taɓa jin ɗaci ko sau ɗaya ba. Mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa yana sane da abin da ya bayar. Akwai daren da zai kwanta yana lissafi. Marubucin da ya bar mu muka ji wannan lissafin, sannan muka ga wan ya tashi da safe ya ci gaba da ɗawainiya, ya ba mu amana mai nauyi fiye da ta wanda ba ya jin komai.

Sai batun matsi, wanda a nan ne ake gane gwanin marubuci da mai neman sauƙi. Mai neman sauƙi kan toshe kowace ƙofa da hannunsa: ya sa duk wanda za a roƙa ya zama mugu, duk jami'i ya zama maciyin hanci, duk asibiti ya rufe ƙofa, har mai karatu ya ce ai ba yadda zai yi. Da zarar an kai ga "ba yadda zai yi" to zaɓi ya mutu, jarumin ya zama kara a bakin ruwa, kuma an wanke shi tun kafin ya yi laifin. Gwani ba ya yin haka. Yakan bar wata ƙofa a buɗe, mai karatu yana ganinta, jarumin kuwa ko dai bai gan ta ba ko ya gan ta ya kasa bi, saboda girman kai, ko kunyar a san gidansu ya gaza, ko tsohon alkawarin da ya ɗaukar wa mahaifiya cewa ba zai bari a taɓa yaron ba.

Wannan rashin ganin ƙofa gaskiya ce ta rayuwa, ba dabarar rubutu kaɗai ba. A 2013 mujallar Science ta buga wani bincike da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu suka yi. Sun gwada manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu, kafin girbi lokacin da hannu ya bushe, da bayan girbi lokacin da kuɗi ya shigo. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi kasa yin ƙoƙari a gwajin kaifin tunani a lokacin rashi. Damuwar abin da ya tsaya a wuya takan cinye wurin da sauran tunani zai zauna. Mutum ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu, wa'adin jibi kawai yake gani, shekara biyar masu zuwa sun ɓace masa. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Labari mai kyau yana sa mu ji wannan ƙuncin daga ciki, har mu fahimci dalilin da mai hankali zai yi abin da shi kansa zai kira wauta in da wani ne ya ba shi labari. Kuma in ka koma baya ka duba, sai ka tarar babban zaɓin na babin ƙarshe ba a nan aka yi shi ba. An yi shi tun ranar da wan ya fara yi wa ƙanen ƙarya a gaban iyaye don kada a dake shi, ranar da ya biya masa bashin farko bai tambayi me aka yi da kuɗin ba, ranar da ya ga abu a aljihunsa ya kau da kai. Kowane rufin asiri yana sa na gaba ya zama tilas.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kalmar sadaukarwa tana ɗaukar abubuwa biyu da ba su yi kama ba, kuma ƙagaggun labarai sun saba cakuɗa su. A ranar 23 ga Disamba 1954, a birnin Boston na Amurka, likita Joseph Murray ya cire ƙoda ɗaya daga jikin Ronald Herrick ya dasa wa tagwaininsa Richard, wanda ciwon ƙoda ya kusa kai shi kabari. Shi ne dashen ƙoda na farko da ya yi nasara mai ɗorewa. Ronald lafiyayyen saurayi ne mai shekara 23, ya kwanta aka yanka shi a kan aikin da ba a taɓa ganin ya ci ba. Richard ya ƙara shekara takwas a duniya. Wannan sadaukarwa ce da mai yin ta ya biya daga jikinsa. Amma wan da ya ɗauki bindiga ya tare hanya don ya biya wa ƙanensa kuɗin magani, ko ya ɗora wa wani bawan Allah laifin da ƙanen ya yi, shi ma labari kan kira abin da ya yi sadaukarwa, alhali mafi yawan kuɗin daga aljihun wani ya fito. I, ya sa ransa a haɗari. Sai dai mai gadin da aka harba ba a yi shawara da shi ba, kuma mai yiwuwa shi ma yana da ƙane da ke jiran ya dawo.

A rubuce, "wa ya biya" na iya zama tambaya, na iya kuma zama amsa, wato babban ɗan'uwa ne ya biya. Yawancin labaran nan amsar suke so mu karanta. Ni tambayar nake karantawa, kuma in na bi sawunta sai in ga hanyoyin da ake bi a ɓatar da mutum na uku. Wani lokaci a hana shi suna, ya zama "mai gadi" ko "direban" kawai. Wani lokaci a ɓata shi tun da wuri, a nuna shi yana zagin talaka ko yana dukan matarsa, don in an kashe shi mai karatu ya ji sanyi. Wani lokaci a ce dukiyar ta wani ƙaton kamfani ce da ba zai ji a jikinsa ba. Hanyar da ta fi kowacce ƙarfi ita ce a sa wan ya ba da labarin da bakinsa. In muna cikin kansa tun shafin farko, mun ji yunwarsa, mun ga ƙanen yana jariri a bayansa, to kafin a kai ga laifin mun riga mun zama 'yan gidan. Za mu riƙa addu'ar kada a kama shi. Wannan ikon na adabi ne, ba na raina shi, shi ne ma abin da ke sa mu tausaya wa wanda da a jarida muka karanta labarinsa da tsine masa za mu yi. Amma ikon da ke faɗaɗa tausayi zuwa ga mai laifi yana iya janye shi daga kan wanda aka yi wa laifin, kuma marubuci ne ke da alhakin inda ya karkata.

Ƙissar Annabi Yusuf ba ƙagaggen labari ba ce, amma duk mai son rubuta rikicin 'yan'uwa yana da abin koyo a cikinta. Lokacin da aka sami ma'aunin sarki a cikin kayan ƙaramin ɗan'uwansu, yayyen suka roƙi a kama ɗaya daga cikinsu a madadinsa, domin yana da uba tsoho. Mutanen da suka taɓa jefa ɗan'uwa a rijiya su ne yau suke miƙa wuyansu domin wani ɗan'uwan, babbansu ma ya ce ba zai bar ƙasar ba sai mahaifinsa ya yi masa izini ko Allah ya yi masa hukunci. Ba a ce mana sun canja ba, tayin da suka yi ne ya nuna. Kuma abin lura, kansu suka miƙa, ba su nemo wani baƙo a kasuwa suka ce shi ne ɓarawon ba. Duk da haka amsar da aka ba su ita ce ba za a riƙe kowa ba sai wanda aka sami kayan a wurinsa.

Akwai kuma wani mai biya da ba a cika dubawa ba, shi ne ƙanen da aka ceta. A ce wan ya amsa laifin da bai yi ba ya tafi kurkuku shekara goma sha biyar. Labarin da bai yi zurfi ba zai rufe a bakin ƙofar kurkukun da hawaye da runguma. Amma rayuwar ƙanen daga ranar ta zama aro. Duk abin da ya samu, da shekarun wani ya saye shi. Ba shi da ikon ya gaza, ba shi da ikon ya yi farin ciki cikakke, kuma ba zai taɓa iya yin faɗa da yayansa ba, domin wa zai ɗaga murya a kan wanda ya ba shi ransa? Alherin da ba a iya ramawa yakan rikiɗe ya zama gudu. Za ka ga ƙanen ya rage zuwa ziyara, ya daina amsa wasiƙa, mutane su ce butulu ne, alhali kallon fuskar wan ne ya gagare shi. Sannan an hana shi abu ɗaya da kan gyara mutum, wato ya ɗauki nauyin abin da hannunsa ya yi. Wan da ke tare wa ƙanensa kowace kibiya yana iya wayar gari ya ga ya yi renon mutumin da bai san kibiya na zafi ba, kuma mutane na waje ne za su ɗanɗana.

To in wan ya zaɓi ɗaya hanyar fa, ya miƙa ɗan'uwansa ga hukuma? Dokokin wasu ƙasashe ma sun san nauyin wannan. A Jamus, sashe na 258 na kundin laifuffuka ya hukunta wanda ya taimaki mai laifi ya kuɓuce wa shari'a, amma ya ɗauke hukuncin in ɗan'uwansa na jini ya yi wa, kuma ba a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa a kotu. Masu dokar ba cewa suka yi rufin asirin daidai ne ba. Sun dai yarda akwai abin da ba a iya nema daga ɗan Adam da sanda. A ɗaya gefen kuma aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta umarci masu imani su tsaya da adalci ko da a kan kansu ne ko iyaye da dangi mafi kusa. Hadisin Anas da Bukhari ya ruwaito ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambayi yadda za a taimaki azzalumi sai aka ce ka hana shi zaluncin. 'Yan'uwantakar da hadisin ke nufi ta fi ta jini faɗi, amma a kan ta jini ne ya fi wuyar aikatawa.

Ba na cewa ƙagaggen labari ya zama wa'azi ko zaman kotu. Labarin da ya kashe wan a shafin ƙarshe don kawai a ce an hukunta laifi shi ma ha'inci ne, domin mutuwar jarumi takan ƙara masa kwarjini, ta kuma sake binne mai gadin can. Abin da nake nema ƙarami ne amma yana da wuya: a ba mutum na uku suna da gida, a bar mu mu shiga ɗakinsa ko da shafi biyu ne, sannan a mayar da mu wurin wan, mu ga ko za mu iya ci gaba da ƙaunarsa da wannan sanin a zuciyarmu. Sau da yawa za mu iya, kuma wannan ƙaunar mai ciwo ita ce ta fi kama da wadda muke yi wa 'yan'uwanmu na gaske.

Irin ɗan'uwan da marubuta suka fi gudun ɗauka a matsayin jarumi shi ne wanda ya tona, saboda sun san mai karatu zai yi saurin kiransa maci amana. Rayuwa kuwa ta rubuta shi. Daga 1978 zuwa 1995 wani mutum a Amurka ya riƙa aika bama-bamai, da yawa ta gidan waya, ya kashe mutum 3 ya raunata 23, hukuma ta rasa gano shi. A watan Satumban 1995 jaridar Washington Post ta buga doguwar maƙalarsa bisa alkawarin da ya yi cewa zai daina kisa. Wani mai suna David Kaczynski, bayan matarsa ta matsa masa ya karanta, ya ga salon rubutun da wasu maganganun sun yi kama da na wasiƙun yayansa Ted, wanda ya ƙaurace wa mutane yana zaune shi kaɗai a wata bukka a jihar Montana. A nan ƙane ne ke riƙe da ran wa. In ya yi shiru wani na iya mutuwa, in ya yi magana ana iya yanke wa yayansa hukuncin kisa. Kuma shi da mahaifiyarsu sun sha aika wa Ted kuɗi, don haka tunanin abin da aka saya da kuɗin yana cikin abin da ya hana shi barci. Ya yi magana ta hannun lauya, ya roƙi a sakaya sunansa, sunan ya fita duk da haka. An kama Ted a ranar 3 ga Afrilu 1996. Daga nan David ya juya ya shiga fafutukar kada a kashe yayansa, kuma a 1998 Ted ya amsa laifinsa aka yi masa ɗaurin rai da rai. Ladan dala miliyan ɗaya da hukuma ta ba David, mafi yawansa ya miƙa wa waɗanda bama-baman suka shafa da iyalansu. Ted bai yafe masa ba. David ya shekara da shekaru yana aika masa wasiƙu a kurkuku, yayan bai buɗe masa ƙofar sulhu ba har ya mutu a tsare a watan Yunin 2023.